Taliyar Arba'in ɗin Malam

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni kuma ya dawo da ni. Ni ban iya rubutu ba. Autata Saudatu ce ke riƙe da biro, nawa faɗa ne. Na gaya mata kada ta gyara mini magana, in kuma kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni.

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. Saudatu da mijinta suna karatu a can, ga ta da cikin fari, babu wani babba kusa da su. Malam, maigidana, shi ya ce in je. Ya ce, "Wata uku ne fa, kamar yau ne." Na ɗaure kanwa da kuka da yajin daddawa a ƙasan akwati, na tafi.

Inda na sauka hawa na sha huɗu ne, a wata unguwar Indiyawa da ake kira Brickfields, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa kwana sama da ƙasa haka ba. Sati na farko ko leƙen baranda ba na yi. Zafin garin kuma ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, sai ka yi wanka ka goge jiki ka ji kamar ba ka goge ba. Kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa. Da Saudatu ta sauka lafiya, ta sami mace, damuwata ita ce ganyen wanka. Wata tsohuwar Ba'indiya mai sayar da furanni a bakin titi ta ga na tsaya ina kallon wani ɗaurin ganye a gefenta. Darbejiya ce, ita ɗin dai tamu. Na nuna mata da hannu yadda ake fyaɗa wa mai jego ruwan zafi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ba ni ɗauri biyu, ta ƙi karɓar komai. Allah ya biya ta.

Ba mu gama wanka ba korona ta rufe duniya. Aka hana fita, jirage suka daina tashi. Malam yakan kira ni da hantsinsu, lokacin mu muna la'asar. Kullum maganarsa ɗaya ce.

"Mai taliya, yaushe ne dawowa? Ta kanti ta ishe ni."

"Ka ce yara su saya maka a gidan Ladi mana."

"Ta Ladi igiya ce. Zan jira taki."

Sana'ata ke nan a Kano, taliyar Hausa 'yar murji. Shekara talatin ina kwaɓa fulawa, in murza a inji, in shanya a igiya, in sayar. Malam kuwa gyaran keken ɗinki yake yi, shi ya sa injina bai taɓa kwana da ciwo ba. Duk abincin duniya babu wanda yake so kamar taliya da manja da yaji, a yanka albasa a kai.

Azumi bai yi nisa ba ya kwanta da zazzaɓi. Kwana uku. Rana ta huɗu na ga mijin Saudatu ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa ɗago kai, na san abin da ya kawo. An riga an kai Malam kafin a gaya mini. Ban ga fuskarsa ba, ban yafe masa ya ji ba, bai yafe mini na ji ba. Shekara arba'in da shida muna tare.

Jira ni, Saudatu.

Na shiga takaba a ɗakin da ba nawa ba. Da a gida ne da an shimfiɗa tabarmi har soro, mata suna shiga suna fita, mai kawo kunu na kawowa, mai tuna alherinsa na tunawa. A can kuwa sai waya. A yi maka gaisuwa, magana tana yankewa, a kashe. Nakan leƙa titi ta taga in ga babu kowa, sai in ce a raina garin ma takaba yake taya ni. 'Ya'yana maza sun yi sadakar uku da ta bakwai a gida daidai yadda hali ya bari. Ni kuwa ban yi masa komai da hannuna ba. Abin nan ya tsaya mini a ƙirji, ba na iya cin abinci saboda shi. Sai na ɗaura niyya: ranar arba'in zan yi taliya da hannuna, irin wadda ya mutu yana jira, in ciyar da mutane su yi masa addu'a.

Mijin Saudatu mutum ne mai ilimi da kunya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ai sadaka ba ta da rana."

Na ce, "To ita ma wannan ranar ai rana ce."

Ya tashi ya je ya sayo fulawa.

Manja ne ya fara ba mu wuya. Ƙasa ce cike da itatuwan kwakwar manja, amma duk sun tace shi ya koma fari. Aka haɗa mu da wani ɗan ƙasarmu mai sayar wa ɗalibai kayan gida. A waya har kuka ya kusa yi mini, yana cewa in ɗauke shi kamar ɗa. Da galan ya iso na ɗiga a tafin hannu na shinshina. Farin mai ne aka zuba wa kala. Muka kira shi, wayar ba ta ƙara shiga ba. Na bar shi da Allah.

Saura kwana goma na fara aiki. Babu inji, sai na wanke kwalba na riƙa murza kwaɓin da ita a kan tebur, in naɗe in yanka siri-siri da wuƙa. Yini guda na yi, har kafaɗuna suka daina jin nawa ne. Na kwashe kayan jaririya daga igiyoyin baranda, na rataye taliyata reras. Ina cikin gyara ta sai na ji muryar namiji daga barandar maƙwabta, ta bayan katangar da ta raba mu. Na ja mayafi na rufe fuska na koma ciki, don mai takaba ba ta tsayawa hira da maza. Saudatu ta fita. Da ta dawo idonta ya yi waje.

"Inna, kin san wa ke maƙwabtaka da mu? Baturen nan ne mai girki a talabijin."

Ta nuna mini shi a waya. Wani jibgegen mutum ne mai furfura a gemu, da farar riga, yana shiga ƙauyuka yana zama a kicin ɗin tsofaffin mata, yana ɗanɗana miyarsu yana kaɗa hannu kamar mai faɗa. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai na sa masa Ɗan Italiya, don can ne garinsu. Duk maganar da muka yi da shi tun daga ranar, ina bayan labule ne, Saudatu na tsakani tana juya mana harshe.

"Ya ce wa ya yanka taliyar nan?"

"Ce masa mai ita."

"Ya ce da wuƙa aka yanka, ya gani, kuma hannun ya san aiki. Amma ya ce a garin nan ba a shanya ta a waje, iskar da ruwa take tafe."

"Ce masa ina shanya taliya tun bai fara gemu ba."

"Ya ce a ina?"

"A Kano."

"Ya ce to nan ba Kano ba ce, Mama."

Ban kula shi ba. A gida in na shanya da safe, kafin la'asar ta bushe ƙayau, tana karyewa kamar tsinke. Na ce ko ta yi nawa ai kwana biyu ya isa. Kwana uku tana rataye tana laushi kamar tsumma. Rana ta huɗu na fito bayan asuba na ji tsami ya bugi hancina. Fumfuna ta kama ta baƙi da kore, tun daga igiyar farko har ta ƙarshe. Na zauna a ƙasan barandar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwar. Da ƙarfi na yi shi, ban damu da wanda zai ji ba. Gani nake ko wannan ɗan abin ma na kasa yi wa Malam.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Saudatu ta buɗe, babu kowa, sai kwali a ƙasa. Ta ɗauko ta buɗe a gabana. Inji ne. Ƙarfensa, mariƙinsa, har ɗan maƙalin da ake ɗaure shi a tebur, sak irin nawa na gida. Ya tsufa, mariƙin ya sha hannu har ya yi santsi. Ɗan Italiya yana tsaye can nesa a bakin tasa ƙofar, da takunkumi a fuska.

Na ce, "Tambaye shi, abin nan ya taɓa naman alade?"

Ya ɗaga hannu biyu sama. Saudatu tana dariya ta ce, "Ya ce na mahaifiyarsa ne, ta aiko masa da shi da ta daina murji, tun da aka ƙera shi bai san komai ba sai fulawa da ƙwai." Sai ita da kanta ta ƙara da cewa, "Bari dai in wanke miki shi da sabulu, hankalinki ya kwanta." Ta faɗa masa haka da Turanci.

Ni da shi muka ce a'a a tare, kowa da harshensa. Ba a sa wa inji ruwa, tsatsa yake yi. Na gutsuri kwaɓi na bi da shi ta ciki sau uku, ya kwaso ƙurar, na jefar, na shafa ɗan mai a haƙoran. Ya ga hannuna ta gefen labule yana yin haka, ya yi wata magana a hankali.

"Ya ce haka uwarsa take yi."

Daga ranar kullum da hantsi yakan jawo kujera ya zauna a bakin ƙofarsa, ni ina bayan labulen tamu, muna gwaji. Ya koya mini kada in shanya sam: a murza da safe, a barbaɗa mata wani garin alkama mai tsaki-tsaki don kada ta manne, a naɗe ta kamar gammo, a dafa a ranar. Ni kuma na nuna masa 'yar kanwar da nake jiƙawa in zuba a kwaɓi. Ya ɗanɗana ruwan ya yamutsa fuska. Wurin dahuwa ne muka fi samun saɓani. Shi da ta ɗan nutse a ruwa sai ya ce a tsame.

Na ce, "Gaya masa wannan ɗanya ce. Mu ba ma ba baƙo abin da zai kwana yana murɗa masa ciki."

"Ya ce taki kuma kin kashe ta, har kin yi mata sallah."

"Ce masa ai gara wadda aka yi wa sallah."

A cikin wannan zaman na ji labarinsa, guntu-guntu. A wani ƙauye kan dutse aka haife shi, uwarsa tana murza taliya tana sayarwa a ƙofar gida, kamar ni. Yana saurayi ya gudu ya shiga jirgin ruwa yana wanke tukwane. Daga nan otal zuwa otal, ƙasa zuwa ƙasa, ana zaginsa yana koyo, har ya zama shi ne babba a kicin ɗin wani otal a Kuala Lumpur. Wata rana masu talabijin suka zo ɗaukar wani, suka ga yadda yake surutu da tukunya, suka koma kansa. Shekara kusan ashirin yana fitowa. Ya buɗe gidan abincinsa a Bukit Bintang, inda manyan kantuna suke, sai ka yi sati kana jiran kujera. Da korona ta zo aka rufe gidan abincin, masu talabijin suka ce a dakata. Ya saki babban gidan da yake haya ya dawo wannan ƙaramin. Ma'aikatansa, yawanci baƙi ne 'yan ci-rani, suna zaune a Chow Kit wajen kasuwa, babu aiki babu abinci. Duk Juma'a yakan dafa ya kai musu a motar gidan abincin, don yana da takardar izinin fita.

Da na ji haka na ce Allah ya kawo mini masu cin sadakata. Don tun farko abin yana damuna: a gida faranti kawai za ka ajiye a ƙofa, masu ci su zo da ƙafarsu. A hawa na sha huɗu wa zai zo? Ya ce shi zai kai. Ya kuma kira wani mai kawo masa kaya, aka samo mana manja na gaske, ja wur, mai ƙamshi.

Saura kwana uku sai ya fito da wata kyamara a kan ƙafafu uku. Ya ce tun da talabijin ta tsaya yana ɗaukar 'yan shirye-shirye yana sakawa a waya, kuma bai taɓa samun labari irin wannan ba. Ba zai ɗauki fuskata ba, hannu kawai.

Na ce a'a.

Saudatu ta rage murya. "Inna, hannu ne kawai fa. Mutumin nan da kyamara yake ci, kuma kin ga halin da yake ciki. Ga inji, ga mota, ga manja."

Na ce, "Na gani. Amma ina cikin takaba, ko lalle ban sa wa hannun nan ba, sai in miƙa shi duniya ta kalla? Kuma abin na Malam ne. In aka nuna, ya zama nawa da na Bature. Gaya masa yadda na faɗa, kada ki sa masa sukari."

Ta gaya masa. Ya naɗe ƙafafun kyamararsa, ya shiga ya rufe ƙofa. Washegari bai fito da kujera ba. Muka ji shiru har yamma. Na sa Saudatu ta goge injin ta mayar a kwali, don in ya aiko a ba shi. Ban yi nadama ba, amma na ga kamar sadakar ta rushe. Na ce wa Malam a zuciyata, ka yi haƙuri, na sake ɓata maka.

Ana gobe arba'in, da hantsi, muka ji ƙarar ƙarfe a waje. Ɗan Italiya ne yake jan manyan tukwane biyu daga lif, ya ɗauko su daga gidan abincinsa, ga ɗaurin robobin zuba abinci a kafaɗa. Babu kyamara. Ya zauna a kujerarsa yana haki, ya yi magana mai tsawo. Da Saudatu ta juyo, idonta ya kawo ruwa.

"Ya ce ba fushi ya yi ba, kunya ya ji. Mahaifiyarsa ta rasu farkon cutar nan, a can garinsu. A waya ya kalli yadda aka binne ta. Ya ce shekara ashirin yana ɗaukar hannun uwayen mutane, bai taɓa komawa ya ɗauki na tasa ba, kullum yana cewa sai baɗi. Da ya ga naki a kan injinta, shi ne ya rikice."

Ashe duk kwanakin nan maraya ne ke zaune a bakin ƙofa yana tsokanata. Na yi masa gaisuwa irin tamu, na ce Allah ya ba shi haƙuri, ya sa ta huta. Na ce in na fita takaba ya kawo kyamararsa.

Ranar arba'in muka tashi da asuba. Ni ke kwaɓi da murzawa, Saudatu na barbaɗa gari tana naɗewa da goyo a baya, mijinta na kai wa Ɗan Italiya, shi kuma yana dafawa a nasa kicin. Na aika masa cewa in ya tsame ta ɗanya Allah na gani. Ya aiko da amsa cewa ya ƙara mata minti biyu saboda Malam, amma kada a gaya wa mutanen garinsu. Na soya manja da albasa, na juye yajin da na zo da shi gaba ɗaya. Roba ɗari muka cika.

Muna rufewa sai ya tambaya, "Wa za a ce musu su yi wa addu'a? Mene ne sunansa?"

Saudatu ta juya mini tambayar, ta kuwa san amsar. Tun ranar da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Na kau da kai. Ita ta ɗauki biro ta rubuta a murfin kowace roba, ɗaya bayan ɗaya. Suka loda a mota shi da mijinta suka tafi Chow Kit. Ni na zauna a kan sallaya, ina jan carbi.

Bayan la'asar wayar Saudatu ta fara ƙara. Saƙonnin murya ne, waɗanda suka ci suke turo wa Ɗan Italiya, shi kuma yana turo mana. Ta ɗora mini a kunne. Wani namiji da harshen da ban sani ba, wata mata da wani harshen daban, wasu taron maza a ɗaki ɗaya da wani yana ja musu. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, sai Fatiha, sai amin, sai sunan Malam a tsakiya. Kowa da yadda yake lanƙwasa shi, amma shi ne. Mutanen da ba su san ko Kano tana gabas ko yamma ba suna roƙa masa gafara da taliyata a cikinsu. Na saurara har ƙarshe, na ce a sake sa mini. Ranar na ci abinci na ƙoshi, karo na farko.

Da na cika wata huɗu da kwana goma na yi wanka na sa lalle, na cika alkawari. Ya ɗauki hannuna a kan injin uwarsa, tun daga kwaɓi har naɗi. An ce mutane da yawa sun kalla, ni dai ban ga abin kallo a hannun tsohuwa ba. Da aka sami jirgin da zai kwaso mu, ya so ya ba ni injin. Na ce ya riƙe na uwarsa, nawa na jirana. Na bar masa sauran kanwata. Saudatu ta ce ya sake buɗe gidan abincinsa, ƙarami a kan na da. Ina roƙa masa alheri duk bayan sallah, shi da mai furanni.

Na dawo na tarar da injina a inda na bar shi, an shafa masa mai an rufe da tsumma. Yara suka ce Malam ne ya yi, sati guda kafin ya kwanta.

Saƙonnin nan suna cikin wayata har yau. Duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, ina roƙonsa ya ƙara nasa a kai, ko Ƙulhuwallahu ɗaya ce. Saudatu ta ce to ai sai an san sunan. Ke dai ki rubuta musu a ƙasa, yadda kika rubuta a murfin roba. Ni har yanzu bakina ba zai iya ba.

Malam Isiyaku mai gyaran keke.